Asama'u da Dutsen Mai Rijiya

Na daɗe ina shakkar ko abin da Asama'u take yi sana'a ce, ko kuwa wata doguwar hanya ce ta ɓarnar ilimi. A layi ɗaya muka zauna a Hulme lokacin muna karatu a Manchester. Ni na gama na tattara na koma gida, ita ta tsaya tana jinyar duwatsun da babu wanda ya san kabarin masu sassaƙa su. Ina Kano labarinta ya iske ni, daga bakin mutanen da ba sa son jin sunanta, kuma yadda suka tsara shi babu mai ji bai yi tir da ita ba. Har yau ban gama yarda cewa dutse ya kai a ɓata da mutane a kansa ba. Amma da wani taro ya mayar da ni Ingila, na neme ta, ga kuma abin da na tarar.

Asama'u 'yar Gusau ce, 'yar malamin makaranta. Tun tana ƙarama ba ta da fara'a. Irin yaran nan ce da in an ce su gaida baƙo sai su gaida shi kamar an murɗe musu kunne. Ta karanta ilimin sinadarai a Zariya, ta samu tallafin karatu zuwa Manchester don ta nazarci yadda tsatsa ke cin bututun mai. Dangi suka yi murna, domin duk wanda ya san ciwon bututun mai ba ya rasa wurin aiki. Sai wani malaminsu ya nemi ɗalibin da zai bi shi Turkiyya lokacin hutu, ya auna masa gishirin da ke tsattsafowa daga ginshiƙan wani tsohon birni a bakin teku. Ta bi shi don kawai ta huta da ruwan saman Manchester.

A can ta fara ɗora hannu a kan dutsen mabul ɗin da ya kwashe shekaru aru-aru a rana, ba irin mai santsin nan da ake shimfiɗawa a falon masu hali ba. Ta shafa gefen wani ginshiƙi, sai farin gari ya biyo yatsunta kamar sukari. Wata tsohuwa mai aiki a wurin ta make mata hannu, ta ce abin da ta kwaso yanzu ya riga kakannin kakanninta zuwa duniya, kuma babu mai mayar da shi. Asama'u ta ji zafin dukan, ta yi kwanaki ba ta ko kallon inda tsohuwar take. Daga baya ta je ta tsuguna kusa da ita, ta ce a koya mata. Da ta dawo Manchester ta ajiye bututun mai, kuma ba ta yi shawara da kowa ba.

Aikinta na farko na sosai a Birmingham ta same shi, a gidan Hajiya Batulu kuma ta sauka, a Handsworth. Hajiya Batulu ƙawar mahaifiyarta ce tun makarantar kwana, matar Dakta Bara'u likitan ƙoda, shugaban ƙungiyar 'yan arewa mazauna garin. Duk Bahaushen da ya sauka Birmingham da akwati ɗaya ya ci tuwonta. Ta ba Asama'u ɗakin sama. Da sanyin farko ya kwantar da ita, Hajiya ce ta kai ta wurin GP, wato likitan unguwa, ita ta wanke mata amai, ita kuma ta samo mata flat na haya daga baya. Mace ce mai tsafta har ta yi yawa. In ta ari tukunyarki, ranar da ta dawo da ita sai kin juya ta kin duba gindi kafin ki yarda taki ce. Sai dai aikin Asama'u bai taɓa kwanta mata ba, kuma ba ta ɓoyewa, balle in da baƙi a falo.

"Ma'u, wai har yanzu wankin dutsen ake? Ku ji min yarinya, ta tara digiri, ta ƙare da buroshin haƙori tana goge tsakuwa. Ni da za ki ba ni wuni guda da bokiti da omo, da na gama miki aikin shekara."

"Anti, ba a so ya yi fari."

"To me ake so ya yi? Ana wanki ba a so ya fita. Wannan ai sai Bature."

Asama'u takan sunkuyar da kai ta ci gaba da cin abincinta.

Lambun da take aiki yana Edgbaston, a bayan wasu manyan gidaje, ba nisa da asibitin koyarwa. Wani attajiri ne mai masana'antar ƙarfe, a zamanin da Turawa ke kwasar abin da suka ga dama daga ƙasashen mutane, ya ɗebo ginshiƙai da fala-falan duwatsu daga wani rusasshen birni a gaɓar Bahar Rum, ya kakkafa su a bayan gidansa don baƙi su riƙa mamaki. Ya mutu, gidan ya bi shi, duwatsun suka rage a hannun wani ƙaramin kwamitin amintattu. Dutsen da aka sassaƙa don ƙasar rana ya wayi gari a ƙasar da ba ta bushewa. Hayaƙin gawayi ya yi masa baƙin ɓawo. Gansakuka ta hau. Ruwa yakan shiga tsaguwa, ya daskare, ya ƙara buɗa ta. Ƙusoshin da attajirin ya haɗa duwatsun da su suka yi tsatsa, suka kumbura, suna fasa su daga ciki.

Waɗannan ne majinyatan Asama'u. Takan kwaɓa farin yumɓu da jiƙaƙƙiyar takarda, ta shafe jikin dutse, ta naɗe shi da leda kamar mai yin ƙunshi, ta bar kwaɓin ya tsotso gishiri da datti a hankali. Takan zare tsohuwar ƙusa ta cike gurbin da farar ƙasa. Kafin sanyi ya shigo takan kifa wa kowane dutse akwatin katako, ba ta buɗewa sai ganye ya fara tohowa. Ba ta barin kowa ya jingina da ginshiƙi, ko da ɗan kwamiti ne. Tsofaffin Turawan da ke zuwa taimakon share ganye tsoronta suke ji, domin a cikinsu akwai wanda ta taɓa kora gida a gaban jama'a don ta kama shi yana kankare gansakuka da makullin mota.

Akwai dutse ɗaya da ya fi tsaya mata a rai. Faffaɗa ne, tsayinsa ya kai ƙugu, attajirin kuma ya kwantar da shi rigingine, fuskarsa mai rubutu tana kallon sama, ruwa yana kwana a kanta. Rubutun ya kusa shafewa, sai rana ta karkata sannan inuwa ke fito da haruffan. Masana sun ce sunan wani mutum ne da ya haƙa wa garinsu rijiya, da roƙon duk wanda ya sha ya tuna da shi. Ita dai Mai Rijiya take ce masa. Haruffan suna zaune ne a cikin wata fata mai launin zuma da tsufa ya yi wa dutsen, wadda kaurinta bai kai na farce ba. Shekara da shekaru tana ɗiga mata ruwan farar ƙasa kaɗan-kaɗan don ta kama jikinta. Ta roƙi kwamiti a yi masa rumfa, aka ce za a duba.

A shekarar da abin ya faru, Babbar Sallah ta faɗo tsakiyar lokacin zafi. Zauren da ƙungiya ta saba kamawa don walimar bayan Sallah aka ba wasu masu biki, hukumar gari kuma ta ce filin unguwa a cike yake. Hajiya Batulu ta ɗaga waya ta kira Asama'u.

"Ba ke ce da makullin lambun nan naku ba? Na ga ciyawa shimfiɗe kamar darduma, ba kowa sai tsuntsaye."

"Anti, ba nawa ba ne."

"Na san ba na ubanki ba ne, ai na san uban naki. Tambaya kawai za ki yi. Ko mun yi ƙazanta da yawa ne ba za mu shiga wurin Turawanki ba?"

Ta tambaya. Bethany, mai kula da lambun, mace ce mai sauƙin kai da ta daɗe tana son mutanen unguwanni su riƙa shigowa, amma kwamiti bai taɓa yarda a ci abinci a ciki ba. Ta ce za ta shawo kansu bisa sharaɗi: kowa ya tsaya a kan ciyawa, kada a ƙetare igiyar da ta zagaye duwatsun, kuma Asama'u ce za ta tsaya a kai. Ta faɗa mata a fili cewa in wani abu ya samu dutse, ba ƙungiya kwamiti zai tuhuma ba, ita zai tuhuma, kuma aikinta ne zai tafi. Asama'u ta ce ta ji. Mutanenta ne, ta san su.

Ranar ta zo da rana mai kyau. Motoci suka cika layin, aka yi ta shigo da kuloli: waina, sinasir, soyayyen rago, dambun nama, shinkafa kala-kala. Maza suka baza tabarmi a gindin wata bishiya suna gardamar siyasar gida, yara suna tsere suna ihu da Turancin Birmingham. Asama'u tana zagaya igiyar kamar mai gadin gona, tana mayar da duk ƙwallon da ta gangaro. Har ta fara jin cewa ta tsorata a banza.

Sai ƙafar teburi ɗaya ta karye a ƙarƙashin nauyin kaya. Hajiya Batulu ta tsaya riƙe da ƙugu tana dube-dube, idonta ya faɗa kan Mai Rijiya: ga faɗi, ga tsayi daidai hannu, ga inuwa. Ta ɗaga igiyar ta sunkuya ta wuce. Ta shimfiɗa masa zanen teburi, ta sa aka ɗora babbar kular zoɓo, irin mai famfo a gindi.

Asama'u ta iso da sauri, ta rage murya yadda ba wanda zai ji.

"Anti, nan ba a ɗora kaya."

"Ai na shimfiɗa zane. Kin ga ko taɓa shi kular ba ta yi ba."

"Igiyar nan an sa ta ne don…"

"Ma'u." Hajiya ba ta rage tata muryar ba. "A gaban mutane za ki ce in sauke? Ni? Dutse ne fa. Ya sha ruwan sama tun zamanin Fir'auna, kular zoɓo ce za ta karya masa baya?"

Matan da ke kusa suka tuntsire da dariya. Ɗaya ta ce, "Bar ta, Hajiya, mijinta kika taɓa mata."

Asama'u, matar da ta kori tsohon Bature a kan makullin mota, ta ji harshenta ya yi nauyi. Ta san abin da ya kamata ta faɗa, har ta jera shi a ranta. Amma wadda ke gabanta ta isa ta haife ta, Asama'u ta ci tuwonta, ta kwana a ɗakinta, ga kuma idanun mata a kanta suna jiran su ga ko 'yar da aka riƙa za ta ɗaga wa uwa murya. Ta ce wa kanta ɗan lokaci ne, za a shanye a sauke. Ta murɗa famfon ta tabbatar ya rufu, ta tura faranti a ƙarƙashinsa. Tana nan tsaye aka zo aka ce ana neman ta a ƙofa, wani maƙwabci ya fito yana zage-zage an toshe masa hanyar mota. Ta tafi. Neman mai motar, da lallashin maƙwabcin, da wata motar da ta sake toshe wani gidan, suka cinye mata yammacin.

Hannu da yawa ya taɓa famfon nan. Wata da ta rasa abin zuba waina ta zare farantin. Zoɓo ya yi ta ɗiga, zanen ya sha ya ƙoshi. Bayan la'asar, da aka fara tattara kaya, aka ɗaga zanen, sai ga jan tabo faɗin tire a tsakiyar dutsen.

Wata da ta ga fuskar Hajiya Batulu a lokacin ta ce kamar an watsa mata ruwan sanyi. Wuri na aro ne, ita ta aro shi, kuma tunda take ba ta taɓa mayar da kayan aro da tabo ba. Ba ta aika a kira Asama'u ba, so take kafin yarinyar ta dawo a ce babu abin da ya faru. Ta tattare hannun riga. Akwai ragowar lemun tsamin da aka kawo don shayi, akwai gishiri, akwai soson ƙarfen da ta zo da shi don tukwane. Wata na yanka lemun, wata na matsawa, Hajiya na dirza da ƙarfinta duka. Da ruwan lemun ya taɓa dutsen sai ya fara 'yar kumfa yana tsuwwa, matan suka ce madalla, ya fara ci.

Ƙamshin lemun ne ya fara isa ga Asama'u tun kafin ta ga komai. Ta san abin da tsami ke yi wa mabul tun ajin farko a Zariya. Ta yar da takalmanta ta ruga. Ba ta ɗaga igiyar ba, tsallake ta ta yi, ta cafke wuyan hannun Hajiya ta fizge soson ta yi jifa da shi.

"Ruwa! Ku ba ni ruwa! Duk ruwan da ke wurin nan!"

Ta kwashe butocin alwala, ta fasa ledar ruwan gora, tana tuttulawa tana share shi da gefen hannu, tana sake tuttulawa. Babu wanda ya motsa ya taimaka mata. Da ruwan ya gangare, ta tsaya ta duba. Jan tabon da ta san za ta iya tsotse shi da yumɓu cikin makonni ya tafi. Fatar zumar ma ta tafi. A wurin sai wani farin fili ɗanye kamar ɓararren rogo, kuma rabin sunan mutumin yana cikin abin da ta wanke zuwa ciyawa.

"Kin murɗe min hannu," in ji Hajiya Batulu, tana kallon wuyan hannunta.

"Me kika yi?"

"Gyara miki na yi. Da kin so in bar miki shi ja-wur Turawanki su zo su gani?"

"Na ce kada a ɗora. Na faɗa miki."

"To an ɗora. Ga shi kuma ya fi ko'ina haske a jikinsa."

"Wannan jahilci ne, Anti."

Har mazan da ke naɗe tabarmi suka juyo. Hajiya Batulu ta sauke hannun rigarta a hankali, ta gyara mayafi.

"Ni ce jahila. To na gode, Ma'u. Allah ya saka wa tuwona da alheri." Ta juya ga matan. "Ku kwashe, mu bar wa mai ilimi wurinta."

Washegari da hantsi Dakta Bara'u ya zo flat ɗinta da ƙafarsa, abin da bai taɓa yi ba. Ya ƙi zama, ya ƙi ruwa.

"Asama'u, ban zo kan abin da kika gaya wa Antinki ba. Wannan tsakaninki da mahaifiyarki ne, ta riga ta ji. Na zo kan abin da za ki gaya wa mutanen can. Katangar lambun nan gajera ce. Ke da bakinki kin taɓa cewa samari na tsallakowa. Ki ce da safe kika tarar da shi haka."

"Baba, ƙarya ke nan."

"Rufin asiri ke nan. Kin san ƙasar da muke ciki. Jarida ɗaya ta ji an ce Musulmi sun lalata dutsen tarihi a bikin Sallah, kina jin za su rubuta lemun tsami? Ina da marasa lafiya masu karanta jaridun nan. Muna da 'ya'ya a uni, muna da mata masu hawa bas da hijabi. Kuma ke ma aikinki zai tsira. Ko ba haka ba ne?"

Haka ne, ta sani. Babu kyamara a wannan gefen lambun, Bethany ba ta zo walimar ba, kuma da ta faɗi haka za a yarda da ita. Ta dubi takalmansa, ta ce:

"Samarin ma 'ya'yan wasu ne, Baba. 'Yan sanda za a turo musu. Kuma duk wanda zai yi jinyar dutsen nan bayana dole ya san abin da aka zuba masa."

"Bayanki. Ashe har kin yanke." Ya jinjina kai. "Su 'ya'yan wasu ne, dutse majinyaci ne, mu ne dai ba kowa ba. Yarinya, wannan ƙasar ba ta taɓa riƙe wanda ya saki nasa ba. Za ki gani."

Ya fita bai ja ƙofar ba.

Kwamitin ya zauna a ɗan ɗakin da yake gidan mai lambu a da. Asama'u ta faɗa musu komai a jere: kular, zanen, zoɓon, lemun, soson, da cewa ta ga kular a kan dutsen da idonta ta tafi ta bar ta. Shugaban kwamitin, wani tsohon lauya mai sanyin murya, ya cire tabarau ya ce yana so ya yi tambaya mai nauyi. Ganin yadda addininsu yake kallon sassaƙe-sassaƙen mutanen da, shin tana da tabbacin ba da gangan aka yi ba?

"Da lalatawa aka zo yi, da guduma za a zo," in ji ta. "Wanke muku shi aka yi."

Ya ce to wa ya wanke? Ta ce wata ce da ta girme ta. Ya ce suna yake so. Ta ce ba za ta bayar ba, ita aka damƙa wa wurin, ita ce a gabansu. Ya tambaye ta me ya hana ta cewa a sauke kular.

"Na faɗa."

"Sai aka yi yaya?"

"Ta ce a'a."

Ta ga a fuskarsa cewa a wurinsa wannan ba amsa ba ce, ta kuma ga cewa ko ta kwana tana bayani ba zai zama amsa ba. Ya ce ba za su iya barin duwatsu a hannun wadda ta kasa kare su, sannan take kare wanda ya ɓata su ba. Bethany tana ta kallon teburi. Ita ce ta miƙa hannu ta karɓi makullan, ta ce mata ta yi haƙuri, a hankali yadda shugaban ba zai ji ba.

Maganar ba ta kai jarida ba, domin kwamitin ma ba ya son a ji an yi walima a kan kayan da aka ba shi amana. Bethany ta dai kira Dakta Bara'u ta sanar da shi cewa an rufe wa ƙungiyarsu ƙofar lambun. Wannan kiran ya isa. Kafin Juma'a ta zagayo, labarin da ke yawo a Handsworth shi ne Asama'u ta kai ƙarar mutanenta wurin Turawa, ta murɗe hannun tsohuwa, ta kira ta jahila a bainar jama'a saboda gunki. Biyu daga cikin ukun gaskiya ne. Cewa ta ƙi ba da suna, kuma a kan haka aka kore ta, bai shiga labarin ba. Aka cire ta daga zauren mata na waya. A masallaci sahu yakan ɗan buɗe a gefenta.

Mahaifiyarta ta kira daga Gusau tana kuka, ta ce in dai ita ta haife ta, ta je ta ba da haƙuri. Ta je. Hajiya Batulu ta buɗe ƙofa ta tsaya a bakinta, ta cika ta da jikinta. Asama'u ta durƙusa a kan dakalin, masu jiran bas suna kallo, ta ce ta tuba da kalmar da ta faɗa, ta tuba da hannun da ta riƙe.

"Shi ke nan abin da kika tuba da shi?"

"Shi ke nan, Anti."

"To na yafe. Ki gaida dutsen."

Aka rufe ƙofar.

Ta koma Manchester, ta sake kama ɗaki a Hulme a tsakiyar ɗaliban da ta girme su nesa ba kusa ba. Yanzu tana aiki da wani ƙaramin kamfani mai gyaran duwatsun kaburburan Turawan da, su ma mabul ne, sai dai jarirai ne in aka gwada su da waɗancan. Ta ji an kawo wani daga Landan ya duba Mai Rijiya, ya ce babu abin yi sai a hana sauran tafiya, kuma kwamiti ya yi masa rumfar da ta daɗe tana roƙo. Ba ta je ta gani ba.

A wata maƙabarta a kudancin garin na same ta, ana yayyafi, tana durƙushe tana cusa farar ƙasa a tsaguwar wani dutse da ɗan siririn ƙarfe. Ba ta tashi ba, ba ta yi murmushi ba, ta dai nuna min inda zan tsaya don kada in taka mata kwaɓi. A haka ta ba ni labarin, idonta a kan aikinta. Da ta gama na tambaye ta, da za a mayar da ita wannan yammacin, ga Hajiya, ga kular, ga mata suna dariya, za ta iya cewa a sauke, ta kuma tsaya har a sauke?

Ta goge ƙarfen a gwiwar wandonta.

"Ba zan iya ba," in ji ta. "Ko gobe ne ba zan iya ba. Ƙofar ce dai ba zan buɗe musu ba tun farko."